Hattara da Jerin "Manyan Masana" Kafin Ya Zama Doka

Duk shekara, da zarar jerin masana kashi 2 cikin 100 mafiya tasiri a duniya ya fito, wanda John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokansa suka fara a 2019, sai WhatsApp ya cika da hotunan taya murna. Murna ba laifi ba ce. Abin tsoron shi ne majalisun jami'o'inmu da masu raba kuɗin bincike su ɗauki irin waɗannan alƙaluma su cusa cikin sharuɗɗan ƙarin girma da tallafi. In har aka rubuta haka aka sa hannu, warwarewa sai an sha wuya.

Ma'aunin da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, wato h-index, yawan maƙalu yake ƙirgawa da yawan waɗanda suka ambace su. Akwai kuma taswirar haɗin gwiwa: kwamfuta ta ja layi tsakanin duk mutum biyu da sunansu ya fito a maƙala ɗaya, wanda layuka suka fi taruwa a kansa shi ne jigo. Kwamfutar ba ta tambayar wa ya taka gona, wa ya kwana a ɗakin gwaji. Suna kawai take gani.

Shi ya sa yaudarar ma'aunin ba ta da wuya. "Sa sunana a taka, in sa naka a tawa." Mutum biyar su haɗa kai kamar 'yan adashi, kowa ya rubuta ɗaya, kowa ya kwashi biyar, kuma dukansu su bayyana a tsakiyar taswira. A 2024 wasu masu bincike sun buɗe wa wata kyanwa mai suna Larry shafi a Google Scholar da maƙalun bogi, ta samu h-index 11. A 2023 an janye maƙalu sama da 8,000 daga mujallun Hindawi, kuma a shekarar ce kamfanin Clarivate ya cire fannin lissafi gaba ɗaya daga nasa jerin masanan da aka fi ambata, saboda maguɗin ambato. Masu ma'aunin kansu suna ja da baya, mu kuma muna shirin rungumarsa.

Wanda zai ɗanɗana kuɗarsa ba ya jami'a. Manomin masara ne a Doguwa da Tudun Wada, wanda tsutsar da ta ɓulla a Najeriya a 2016 take cinye masa zuciyar shuka. Ya buɗe ganyen tsakiya ya tarar da kashinta kamar dussa, ya fesa magani, bayan kwana kaɗan ta dawo. Gano maganin da har yanzu yake kashe ta, da lokacin da ya dace a fesa, aikin damina biyu ne ko uku, ƙarshensa maƙala ɗaya tak, wadda ba lalle wani a Turai ya ambata ba. Haka auna laka a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Haka gwada ruwan tsofaffin ramukan kuza na Riruwai, alhali ba mu manta da yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba.

To ƙaramin malami mai albashin da bai kai wata ba, ga kuɗin mai zuwa Doguwa, ga kuɗin bugawa da dala, in aka ce lamba ce za ta kai shi matsayin farfesa, me kuke tsammani zai zaɓa? Zai zauna a ofis ya nemi inda za a liƙa sunansa. Malamin gona na Kiru ko Bebeji da ya tattaro bayanan kuwa, da ma ba ya cikin taswirar.

Shugabannin jami'o'i da asusun tallafi na TETFund, ku tsaya tun yanzu. Ku nemi mai neman ƙarin girma ya kawo ayyukansa biyar mafiya inganci, a zauna a karanta su. Kowace maƙala ta fayyace abin da kowane mai suna ya yi. Rahoton gwajin gona da takardar wayar da kai da Hausa su samu maki. Sanarwar San Francisco ta 2012 ta riga ta nemi a auna bincike da abin da ke cikinsa, a daina dogaro da lambar mujalla. Ku sa ta a gaba ranar da kwamitin ƙarin girma zai zauna.