Bin Diddigin Kakan da Ya Zo Baƙunci Ƙasar Dutse

1.0 Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin bayyana yadda mai nazari zai bi sawun kakan da ya yi ƙaura zuwa ƙasar Dutse gab da zuwan Turawa ko a zamanin mulkinsu. Batun ba na neman alfahari kawai ba ne, domin sau da yawa shari'ar gadon gona da rikicin sarautar gari sukan rataya a kan wanda ya riga sauka.

2.0 Matsalar Rashin Rubutu

Jikokin Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka lokacin da take ƙarƙashin Ingila sun taki sa'a. Tun daga 1727 hukumar Fensilbaniya ta wajabta wa shugabannin jiragen ruwa su ba da sunayen baƙin da suka sauke a Filadalfiya, saboda haka jika yakan tarar da sunan kakansa da na jirgi da ranar sauka. Mu kuwa kakanninmu da ƙafa da jaki suka shigo, ba wanda ya rubuta su a ƙofar gari. Daɗin daɗawa, baƙo yakan rasa sunansa na yanka, a dinga ce masa Babarbare ko Na-Gumel. Sai dai wannan laƙabi shi kansa shaida ne, don ya adana inda mutumin ya fito.

3.0 Ɗaure Labarin Baka da Shekara

Tsofaffi ba su ƙidayar shekara da lamba, da aukuwa suke yi. Aikin mai nazari shi ne ya ɗaure zancensu da abin da shekararsa ta tabbata. Alal misali, in aka ce kaka ya gudo daga Barno saboda Rabe, to ana zancen 1893 ne ko bayanta kaɗan. In aka ce a Basasa ya zo, wato 1893 zuwa 1895 ke nan, lokacin da Yusufawa suka yi sansani a Takai, maƙwabciyar Dutse. Zuwan Nasara Kano 1903 ne. Babbar yunwar da ta koro mutanen arewa ta faɗo a 1913 zuwa 1914. Wanda kuwa cinikin gyaɗa ya jawo shi tashar Ringim, zuwansa ba zai wuce wajen 1930 baya sosai ba, lokacin da dogo ya isa Nguru.

Bayan haka sai a duba tsagar gidan da sana'arsa da sunan unguwarsa da abokan wasansa. Gidan da ke wasa da Fulani, yana kuma da zanen Barebari, ya ba da shaida biyu masu ƙarfafa juna.

4.0 Rubutattun Shaidu

Tun da Dutse gunduma ce a ƙasar Kano a zamanin En'e, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, takardunta na wancan zamani a ƙarƙashin Lardin Kano za a neme su a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Rahotannin kimar haraji da Turawan mulki suka rubuta sukan kawo asalin garuruwa da sana'o'insu, amma da wuya su ambaci talaka da sunansa. Litattafan kotun alƙali da takardun haraji da bayan littafin malami, inda akan rubuta haihuwa da rasuwa, sun fi kusa da shi.

5.0 Abin Lura

Kowane gida yana son a ce daga Gabas ya fito, da allo a hannu. Ba kowa ne ya zo da son ransa ba, domin ba a haramta bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Idan labari ya tsinke a kan kaka guda, ba uba ba gari, to mai nazari ya yi hattara, ya kuma kiyaye mutuncin masu gida a abin da zai buga.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa shaida ɗaya ba ta tsayar da kaka, sai an gwama baka da rubutu da al'ada. Takardun Kaduna za su jira mu, amma tsofaffin da suka ji labari daga bakin masu ƙaurar sun kusa ƙarewa. Saboda haka da su ya kamata a fara. Allah ya sa mu dace.