Jan Famfon da ke Bayan Ɗakin Haihuwa

Bokiti ne ya fara ɗaukar hankalina. Wani tsohon bokitin fenti ne, an tara shi a ƙarƙashin famfo mai jan kai, a ɗakin wankin wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke cikin garin Sakkwato. Ruwa na ɗiga ciki, ɗis, ɗis, ba ya tsayawa. Maƙwabcina na biyo, mai gyaran famfo, wanda aka kira ya zo ya toshe shi. Ni kuma dama na daɗe ina son ganin yadda wurin da ba ya rabuwa da wanki yake yi da ruwa a watan Afrilu, lokacin da zafin garin ke haura digiri 40, kowa na neman gindin dogon yaro.

Sistar da ke bakin aiki ta yi mana barka da zuwa, ta nuna mana hanyar baya.

Famfuna biyu ne a jikin bango, ja da shuɗi. Ginin da can gidan zama ne, mai shi ya sa hita, ya kuma sayo injin wanki na hannu irin na Amurka, mai tiyo biyu: ɗaya na ruwan zafi, ɗaya na sanyi, injin ya gauraya su da kansa. Da wannan ya mutu, sai asibitin ya kawo irin na Turai, mai ƙofa a gaba. Shi tiyo ɗaya gare shi, ruwan sanyi yake sha, in ana son zafi ya ɗumama a cikinsa, muddin akwai wuta. Shi ke nan jan famfo ya zama ba shi da aiki. Hitar ta daɗe da ƙonewa, amma bututunta na nan haɗe da tanki, robar cikin famfon kuma ta bushe ta ƙeƙashe, sai ya kama zuba.

Duk wannan tsari don ƙasar sanyi aka yi shi, inda sai an kashe kuɗi ruwa ke yin ɗumi. A nan baƙin tankin roba ne a saman gini, rana na dukansa tun hantsi. Na tara hannu a shuɗin famfon da azahar, sai da na janye shi. Mai alwala ma sai ya tara a buta ya jira ya huce.

Wadda ɗakin ke hannunta wata dattijuwa ce, kowa Inna yake ce mata. Na same ta zaune a kujerar tsugunno, gabanta baho uku. Na gaishe ta, na tambaye ta ko ba ta kewar ruwan zafin nan da za a rufe.

Ta yi murmushi. "Ɗana, da bazara ba ruwan zahi nika nema ba, na sanyi nika nema. Ruwan zahi ba shi wanke jini, dahwa shi shikai. In ya dahu ga zane, ko ka kwana kana cuɗa ba shi hita."

Nan na gane amfanin randuna biyun da ke kusurwar ɗakin. Da dare take cika su, ƙasar randa ta sanyaya ruwan kafin asuba. Zannuwan gadon haihuwa da shi take fara jiƙa su, ta ɗauraye, ta sake jiƙawa da ruwan bilic, sannan a zuba a inji. In babu wuta, ko man janareta ya yi tsada, sai ta hura itace a bayan ɗaki ta ɗora babbar tukunya, domin zanen da aka haihu a kansa ba ya komawa gadon wata sai ya ga tafasasshen ruwa. Ba wanda ya rubuta mata wannan a takarda. Shekara ashirin da wani abu take yi, tun a wani asibitin kafin wannan.

"Mu da ruwan zahi ai mun san juna," in ji ta. "Kwana arba'in mai jego ka wanka da shi. Amma kowane ruwa da wurinai."

Sai ta miƙo mini hannuwanta. Ban taɓa kallon hannun mai wanki da kyau ba sai ranar. Fatar tsakanin yatsu ta yi fari, ta yi laushi kamar ta jariri, bayan hannun kuma duk layin tsofaffin tsaga ne. Ta ce wannan aikin hunturu ne. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, in iskar nan mai ƙura ta sauko, ruwan tankin da ke ƙona hannu yanzu sai ya koma kamar ƙanƙara da asuba. Haihuwa kuwa ba ta jiran rana ta fito. Takan shafa man kaɗe da dare, ta ɗaure hannun da tsumma, da safe ta kwance ta sake tsoma shi cikin omo. Ta ce akwai shekarar da ta yi wanki jininta na haɗuwa da wanda take wankewa, ba ta faɗa wa kowa ba, don kada a ce ta tsufa a nemi wata. Jikoki huɗu ne a hannunta. Safar hannun da ake ba ta, in ji ta, kwana biyu take yi ta yage. Na rasa abin da zan ce mata, sai sannu.

Ruwan da kansa ma ba kullum ake samunsa ba. Garin yana kusa da inda gulbin Rima da gulbin Sakkwato suka haɗu, kuma madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 an gina ta ne ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, don noman rani da shan jama'a. Amma damina a nan gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma a bazarar 2018 ruwan madatsar ya ja baya har hankalin mutane ya tashi. Asibitin yana da rijiyar burtsatse, sai dai ita ma da wuta take turo ruwa sama. Ran da abin ya ƙi, 'yan ga-ruwa ake tsayarwa a titi, a sayi kura guda, jarka bayan jarka, mai lita 25. Wanda ya ga yadda ɗan ga-ruwa ke turo kura cikin rairayi da tsakar rana, jijiyar wuyansa a miƙe, ba zai iya kallon famfo na zuba ya wuce ba. Shi ya sa Inna ta tara bokitin. Abin da ya taru da rana da shi take goge daɓe. Na dare ne ke damunta, don kafin ta iso ya cika ya malale.

Maƙwabcina ya hau sama ya rufe bawul ɗin tanki, ya sauko ya buɗe jan famfon har ruwan da ke ciki ya tsiyaye. Ya ciro wani ɗan murfin tagulla daga aljihu, faɗin bakinsa kashi uku cikin huɗu na inci, daidai da bakin tiyon injin wanki. Ya nuna mini baƙar robar da ke kwance a cikinsa. Ya ce ita ce mai aikin, ba ƙarfin hannu ba. Ya goge zaren bakin famfon da tsumma, ya murza murfin da yatsu har ya tsaya, sannan ya sa sifana ya ƙara masa kaɗan. Masu ɗaurewa da ƙarfin tsiya, in ji shi, su ke tsinka robar, kwana uku a sake kiransu. Ya ce yana yawan tarar da famfo an cusa masa leda an naɗe da robar tayar keke, alhali murfin bai kai kuɗin kurar ruwa biyu ba.

Da ya gama sai ya ce wa sistar, a shawararsa, gara a yanke bututun gaba ɗaya tun daga inda ya rabu da na tanki. Yana da gaskiya. Ruwan da ya kwanta a bututu ba ya gudu, ga ɗumi, wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne. Akwai wadda ake kira Lejiyonela, da aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a Filadelfiya ta Amurka a 1976, tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumin digiri 20 zuwa 45. Asibiti kuwa ba wurin wasa da irin wannan ba ne.

Inna ta ajiye zanen da ke hannunta. "Malam, kak ka yanke shi. Na ji an ce akwai hitar da rana ka dahwa ma ruwa, ba ta son wuta. In Allah ya hore ma masu wurin, sunka sawo, ga hanya nan a shirye. Ko ban ci moriyarta ba, wadda za ta gaje ni ta ci."

Ya yi shiru, ya dubi sistar, sistar ta dubi ƙasa. Can sai ya ce to, Inna, an ji. Ya sake hawa, ya kwance bututun daga bakin tsohuwar hitar, ya toshe ɓangaren tanki da wani murfin, ya sauko ya kwance na ƙasa ya bar bututun ya tsane sarai, sannan ya mayar. Yanzu babu ruwa a cikinsa, kuma duk ranar da aka so haɗawa, aikin rabin awa ne. Bai ƙara ko kwabo a kan kuɗin da aka yi da shi ba.

Aka buɗe tanki. Muka tsaya mu huɗu muna kallon jan famfon. Ya goga yatsa a ƙarƙashin murfin, ya ɗaga mana shi a bushe.

Inna ta ɗauki bokitin, da ɗan ruwan da ya rage a ciki, ta fita ta zuba wa wani zogale da ta dasa a gindin katanga. Tana dawowa muka ji kukan jariri daga ciki, sai ga wata yarinya mai farin kaya ta leƙo da zannuwa a dunƙule.

"Inna, an sauka. Mace."

"Barka," in ji ta, ta buɗe randa.