Amsoshin Takardunku: Wane Ne Ya Shirya Fim Ɗin Yaƙin Aljiyas?

Wani mai sauraronmu ya aiko da takarda yana cewa ya ga fim ɗin nan na yaƙin neman 'yancin Aljeriya, kuma an yi gardama a majalisarsu kan ko Balarabe ne ya shirya shi. To malam, sha kuruminka. Ba Balarabe ba ne, mutumin Italiya ne, sunansa Gillo Pontecorvo.

An haife shi a birnin Pisa a shekarar 1919, iyayensa Yahudawa ne masu hali. Ya fara karatun kimiyyar haɗa sinadarai a jami'a, amma a 1938 gwamnatin Musolini ta kafa dokokin wariya kan Yahudawa, sai ya ƙaura zuwa Faransa. A 1941 ya shiga Jam'iyyar Kwaminis ta Italiya, daga baya ya koma gida ya zama ɗaya daga cikin jagororin masu gwagwarmayar ɓoye a Milan. Ka ga ke nan tun yana saurayi ya san abin da ake nufi da mamaya. Ya bar jam'iyyar a 1956, bayan sojojin Tarayyar Sobiyet sun murƙushe boren Hangari.

Fim ɗin da ka gani, watau La battaglia di Algeri, ya fito a 1966, shekara huɗu bayan Aljeriya ta sami 'yanci. A cikin unguwar Kasba ta Aljiyas aka ɗauke shi, baƙi da fari, har mai kallo ya ɗauka labaran gaskiya ne ake nunawa. Yawancin 'yan wasan talakawan gari ne. Saadi Yacef, wanda ya jagoranci mayaƙan ƙungiyar FLN a birnin, shi kansa ya fito a ciki.

Abin da ya jawo cece-kuce shi ne fim ɗin bai rufa wa kowa asiri ba. Ya nuna sojan Faransa suna azabtar da fursunoni, ya kuma nuna mata 'yan gwagwarmaya suna dasa bam a wuraren shan shayi, fararen hula suna mutuwa. Ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Benis, amma a Faransa ba a nuna shi a gidajen silima ba sai 1971. A 2003 ma ma'aikatar tsaron Amurka ta nuna wa jami'anta shi lokacin yaƙin Iraƙi.

Bayan wannan ya yi Queimada a 1969 tare da Marlon Brando, kan bauta da mulkin mallaka, sai Ogro a 1979. Ya shugabanci bikin Benis daga 1992 zuwa 1996, ya mutu a birnin Rum a watan Oktoba na 2006.

Da fatan gardama ta ƙare, malam. A gaida 'yan majalisa, sai mun sake jin ka.