Katakon Sida Da Rininsa: Inda Riba Take Da Inda Asara Take

Jama'ar kasuwa, dillalan katako da masu sayar da fenti, ga wani ciniki na ƙasar Amurka da Kanada da ya kamata ku san kansa. Can gidaje da yawa ba da bulo ake rufe bayansu ba, da allunan katako ne, a jera su ɗaya bisa ɗaya. Wanda ya fi daraja a cikinsu shi ne jan sida, wanda ake sarowa a lardin Biritish Kolombiya da jihohin Washintan da Oregon. Ba shi ne al'ul na Lebanon ba, suna ne kawai ya zo ɗaya a bakin Turawa. Itace ne mara nauyi, mai ƙamshi, kuma yana da wani mai a jikinsa da ke hana shi saurin ruɓa. Tun 2017 Amurka take karɓar haraji a kan katakon Kanada, saboda haka mai gida ya gwammace ya gyara tsohon allonsa da ya sayi sabo. Nan kasuwar rini ta samu.

Rinin katako iri-iri ne. Akwai mai ruwa-ruwa wanda ke barin zanen itace a fili, akwai mai kauri wanda ke rufe launi ruf kamar fenti, amma bai kai fenti kauri ba, ana ganin kaushin allo ta ƙarƙashinsa. Wannan mai kaurin shi ake nema in allo ya tsufa ya yi dabbare-dabbare. Kamfanonin Cabot da Behr da Sherwin-Williams da Benjamin Moore duk suna yin sa, a galan mai lita 3.78. Amma fa wanda ya shafa shi ya shiga ke nan, ba komawa ga mai ruwa-ruwa sai an kankare bango duka, kuma kuɗin kankara ya fi kuɗin rini nesa ba kusa ba.

To, ina asara take? Tana wajen shiri. Rana tana cin fuskar sida har ta yi furfura, rini kuwa ba ya kama wannan mataccen saman. Masu binciken katako na gwamnatin Amurka a garin Madison sun gwada, sun ga allon da ya sha rana makonni kaɗan tsirara ma kamunsa ya ragu. Sai a kankare inda ya ɓare, a goge da samfefa, a wanke funfuna da ruwan bilic. Injin feshin ruwa mai ƙarfi kuwa a yi hattara da shi, sida laushi gare shi, yana yaga shi ya tura ruwa bayan allo. Sa'an nan a jira ya bushe, danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Ɗan kwangilar da ya wanke yau ya shafa gobe, kuɗin mai gida ya zubar.

Man nan da ke tsare itacen shi ne kuma ke ɓata aiki. In ruwa ya shiga, sai wani jan ruwa kamar shayi ya tsattsafo ta cikin rini, balle in fari aka shafa. Maganinsa a fara da fentin shimfiɗa mai mai a duk inda katako ya fito tsirara, har bakin allo inda aka yanka. Ƙusar baƙin ƙarfe ma tana zana baƙin layi, sai a sa wadda ba ta tsatsa. Mai kanti da ya sayar da rini bai tambayi mai saye ko yana da shimfiɗa ba, a ganinmu shi ya jawo wa kansa ƙorafi.

Wajen lissafi kada a bi rubutun gwangwani ido rufe. Allo mai kaushi yana shan kusan ninki biyu na mai santsi, kuma shafa biyu ake yi. In an fesa, a bi da burushi nan take don ya shiga.

Dillalin gida kuma ya tambayi shekarar gini. A 1978 Amurka ta hana fentin gida mai dalma, tun 2010 kuma doka ta ce ɗan kwangilar da zai kankare fentin gidan da ya girmi 1978 sai mai takardar shaida. Wannan yana ƙara kuɗin aiki, a sa shi cikin ciniki tun kafin a sallama.