Kwalta a Bakin Kogin Greta

A arewa maso yammacin Ingila, cikin yankin tafkuna da tsaunuka da ake kira Lake District, akwai wata hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 5 da ta haɗa garin Keswick da ƙauyen Threlkeld. Mota ba ta hawanta. Mai lafiyar ƙafa zai gama ta cikin awa guda da 'yan mintoci, yana tafe kogin Greta na ƙugi a gefensa, itatuwa sun yi masa rumfa. Sai dai wannan 'yar hanya ta ci fam miliyan 7.9 da shekara biyar kafin a sake buɗe ta bayan ambaliya, ta kuma tayar da ƙurar da ta kai kansilolin Keswick ga kaɗa wa hukumar da ke kula da yankin ƙuri'ar yanke ƙauna. Duk a kan kwalta aka yi wannan ja-in-ja.

Asalinta layin dogo ce. A 1864 jiragen kaya suka fara bin layin da ya taso daga Cockermouth ya ratsa Keswick ya nufi Penrith, fasinja suka biyo baya a 1865. Ba don 'yan yawon buɗe ido aka shimfiɗa shi ba. Gasasshen kwal ake kwasowa daga gabas zuwa masana'antun narka ƙarfe na gaɓar yamma, a juyo da tama. Injiniyan aikin, Thomas Bouch, shi ne wanda daga baya gadarsa ta kogin Tay ta rufta da jirgin fasinja a 1879, amma gadojin ƙarfen da ya gitta wa Greta sun haura shekara ɗari da hamsin a tsaye. A kan hanyar, a Low Briery, an taɓa yin masana'antar sassaƙa kwarkwaron zare da ke ciyar da masaƙun auduga. A 1972 aka rufe wannan ɓangare na layin, aka kwashe dogo, daga baya shimfiɗar ta koma hanyar masu tafiya a ƙafa da masu keke.

Wannan tarihi shi ya ba hanyar darajar da maƙwabtanta ba su da ita. Jirgin ƙasa ba ya iya hawa tudu mai tsauri, don haka magina kan sare dutse su cike kwari har shimfiɗa ta kwanta. A ƙasar da kowace hanya ke neman kan tsauni, inda Blencathra mai tsayin mita 868 ke tsaye a bayan Threlkeld, Skiddaw mai mita 931 kuma a kan Keswick, samun kilomita 5 da ba hawa ba gangara abu ne mai wuya. Dattijon da gwiwa ta hana shi tsauni, uwa mai tura keken jariri, wanda ke farfaɗowa daga shanyewar ɓarin jiki, mai keken guragu: wannan kwari shi ne rabonsu daga cikin kyan da mutane ke tasowa daga nesa domin su gani.

Ingilawa na alfahari da hanyoyin ƙafarsu, kuma sun cancanci yin alfaharin. A Ingila da Wales akwai kimanin mil 140,000 na hanyoyin da doka ta ba kowa damar bi, ko da sun ratsa tsakiyar gonar wani. Wanda ya san burtali, ya kuma ga yadda gonaki ke cinye shi kaɗan-kaɗan idan babu mai tsaya masa, zai gane girman a ce an zana irin wannan hanya a taswirar hukuma, an kuma haramta toshe ta. Ba a ruwan sanyi aka samu ba. A watan Afrilun 1932 ɗaruruwan matasa, galibinsu ma'aikatan masana'antun Manchester, suka kutsa tudun Kinder Scout da gangan, wurin da masu ƙasa suka keɓe domin farautar tsuntsaye. An ɗaure biyar daga cikinsu. Dokar da ta kafa gandun shaƙatawa na ƙasa ta zo a 1949, Lake District ya zama ɗaya daga cikinsu a 1951.

To amma dokar ta buɗe hanya ne ga mai ƙafa biyu lafiyayyu. Ƙasar tumaki ce, kowace makiyaya an kewaye ta da katangar dutse ko shingen waya, kuma inda hanya ta ci karo da shinge, abin da aka gada shi ne a kafa 'yar matakala: katako biyu a gicciye, ko duwatsu da aka bar su sun ɓullo daga jikin katanga. Ka taka na farko, ka taka na biyu, ka ɗaga ƙafa ka tsallake, ka sauka ta ɗaya ɓangaren, sau da yawa cikin taɓo. Tunkiya ba za ta iya ba, wanda shi ne manufar. Mutumin da aka yi wa aikin ƙugu ma ba zai iya ba. Wani wurin kuma ƙyaure ne da ke lilo a cikin wani ɗan keji: ka tura shi gaba, ka raɓe a lungu, ka mayar da shi baya, sannan ka fice. Mutum ɗaya yake ɗauka, a tsaye. Mai keken guragu yana zuwa nan tafiyarsa ta ƙare, ko da abin da ya rage mil uku ne na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Shinge ɗaya ya isa ya rufe hanya gaba ɗayanta.

Ƙa'idar da ake bi yanzu a Birtaniya ta jera zaɓi daga mai sauƙi zuwa mai wuya: a bar giɓi in babu dabbar da za ta fita, in akwai a sa ƙyaure mai faɗi da sakatar da hannu ɗaya zai buɗe, matakala kuwa sai in babu makawa. Aiwatarwa ce ke tafiyar hawainiya, domin matakalar da ta daɗe a wurinta bisa doka ba a tilasta wa mai gona ya cire ta. Lallashi ake yi, gona bayan gona. Manomin kuma yana da hujjarsa: ƙyaure ana mantawa da shi a buɗe, garke ya fantsama kan titi, matakala kuwa ba a taɓa barinta a buɗe ba. Hukumar Lake District ta tattara hanyoyi kusan hamsin marasa irin wannan shinge, ta kasa su gida uku gwargwadon tsaurin hawa da laushin ƙasa, domin mutum ya san abin da zai tarar tun kafin ya bar gida. Hanyar Keswick zuwa Threlkeld na cikin na sahun gaba.

Ranar 5 ga Disambar 2015 guguwar da aka raɗa wa suna Desmond ta sauka. A mashigin Honister, kudu da Keswick, an auna milimita 341 na ruwan sama cikin awa 24, abin da ba a taɓa rubuta irinsa a Birtaniya ba. Greta ya cika ya batse, ya shiga gidajen Keswick, ya yi awon gaba da biyu daga cikin tsofaffin gadojin jirgin, ya raunata ta uku, ya zaftare kimanin mita 200 na shimfiɗar hanyar. Ruwan nan ya yanke babban titin mota da ya haɗa Keswick da Grasmere, amma kafin tsakiyar watan Mayun 2016 motoci sun koma bin sa. Hanyar ƙafa sai da ta jira har 5 ga Disambar 2020. Kuɗin sai da aka yi ta harhaɗawa: daga hukumar manyan titunan Ingila, daga asusun raya yankuna na Tarayyar Turai, daga ƙungiyar bunƙasa tattalin arzikin lardin Cumbria inda yankin yake, da kuma karo-karon mutanen gari.

Da aka tashi gyara, ba a tsaya ga mayar da abin da ruwa ya ci ba. An gina sababbin gadoji biyu, an ƙarfafa gaɓar kogi, an kuma haƙe tsohon ramin jirgin da aka cike da ƙasa a shekarun 1970 lokacin gina babbar gadar kankare ta titin A66 da ke wucewa can sama. Kafin ambaliya, masu tafiya kan kewaye wannan rami ne ta kan wani dandamalin katako da ke maƙale a jikin gangara. Yanzu kai tsaye ake ratsawa ta ciki. Ba a kan waɗannan aka yi rigima ba. Da aka ce za a malala kwalta daga farko har ƙarshe a maimakon dandaƙaƙƙiyar tsakuwar da aka saba da ita, nan aka ja daga.

Masu adawa ba mutanen banza ba ne, kuma ba ƙiyayya ga naƙasassu ta motsa su ba. Ƙungiyar Friends of the Lake District, wadda ta daɗe tana kare yankin daga masu son cin ribarsa, na cikinsu, haka ma kansilolin Keswick da suka kaɗa ƙuri'arsu a 2019. Cewa suka yi baƙar kwalta kayan birni ce, za ta ɓata fuskar kwarin da shekara biyu kacal kafin nan, a 2017, hukumar UNESCO ta sa yankinsa cikin wuraren tarihi na duniya. Suka ce masu keke za su riƙa sheƙa gudu a kan santsi su firgita tsofaffi da yara, ƙanƙarar hunturu kuma ta fi kama kwalta. A ƙarƙashin duk wannan akwai wani tsoro da ya fi girma, cewa in aka yarda da wannan, gobe wata hanyar za a bi. Hukumar ta amsa da cewa kwalta ta fi jure ambaliya, ta fi arahar kulawa, kuma ita ce shimfiɗar da kowace irin taya za ta iya bi rani da damina. Shugabanta na lokacin, Richard Leafe, ya fito fili ya ce gandun da ake riƙewa da kuɗin kowa dole ya karɓi mutanen da ba su saba zuwa ba, ciki har da masu buƙata ta musamman.

Ni dai ina ganin hukumar ce ke da gaskiya a wannan karon, kuma dalilin yana ƙasa, a wurin taya. Keken guragu na hannu yana da ƙananan tayoyi biyu a gaba, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba. Ranar da aka gama daddaɓe tsakuwa, suna gudu a kanta lafiya lau. Bayan damina biyu a wurin da ruwa ba ya ɗaukewa, ƙasa mai laushin ta wanke, manyan duwatsu sun fito, ruwa ya yanka 'yan kwalbatoci a gicciye. Mai takalmi ba zai ma lura ba. Ƙaramar tayar kuwa tana faɗawa ta tsaya cak, jikin mutum ya yi gaba. Kowane turi sai ya ninka ƙarfi, kafaɗa ta ɗauki zafi, jijjiga ta bi ƙashin baya, wanda ga mai raunin laka ba ƙaramin abu ba ne. Hanyar da aka rubuta cewa ta kowa ce sai ta koma ta wanda ke da ƙaƙƙarfan mai tura shi.

Batun ɓata daji kuma, a wannan kwari musamman, bai da ƙarfi. Wuri ne da aka fasa da albarushi, aka cike da ɓaraguzai, jirage suka yi shekara ɗari da 'yan kai suna tuƙa hayaƙi a cikinsa, yau ma manyan motoci na wucewa ta samansa a kan gadar kankare. Kyansa na gaske ne, amma kyau ne da ya tsiro a kan aikin hannun mutum. Da kan Blencathra aka ce za a kai kwalta, da ni ma ina cikin masu cewa a'a, kuma masu keken guragu da yawa ba su taɓa neman hakan ba. Abin da suke nema shi ne a daina kafa musu shinge a inda ƙasa da kanta ba ta kafa ba. A ƙasar da alƙaluman gwamnati ke nuna fiye da mutum ɗaya cikin biyar na da wata naƙasa, kilomita 5 daga cikin dubban kilomitocin hanyoyin yankin ba rabo mai yawa ba ne.

Tsoron gudun keke, shi kam, yana da tushe. Hanyar wani yanki ce na dogon layin masu keke da ke ratsa arewacin Ingila daga teku zuwa teku, kuma kowace Asabar da safe masu tseren motsa jiki na cika ta. Makaho da sandarsa, ko kurman da ba zai ji ƙararrawa daga baya ba, santsin da ya taimaki mai keken guragu na iya zame masa barazana. Buƙatun masu naƙasa ba iri ɗaya ba ne, wani lokacin ma karo suke yi da juna. Maganin wannan yana wurin ladabin masu amfani da hanyar da kuma sa idon hukuma, ba wurin mayar da ita kwazazzabo ba.

Akwai kuma abin da ke gaban kwaltar da bayanta. Hanyar ta fara ne daga tsohuwar tashar jirgin Keswick, ta ƙare da 'yar hawa mai lanƙwasa zuwa Threlkeld, ƙauyen da mutanensa ba su kai 500 ba. Wanda ya iso can da ƙarfin hannunsa yana buƙatar benci, da makewayin da kekensa zai shiga, da hanyar komawa in kafaɗa ta gaza. Motar haya da ke zirga-zirga tsakanin Penrith da Keswick na tsayawa a ƙauyen, sai dai irin waɗannan motoci galibi gurbin keken guragu ɗaya gare su, don haka abokai biyu masu keke ba lalle su koma tare ba. Tun da aka rufe layin a 1972, tashar jirgin ƙasa mafi kusa ita ce ta Penrith, kusan kilomita 30 daga Keswick, kuma har yau akwai masu fafutukar a dawo da jirgin a kan wannan shimfiɗa da aka malale da kwalta.