Yadda Za A Zaɓi Babbar Manhaja Mara Nauyi Ga Tsohuwar Kwamfuta

A ranar 14 ga Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft ya dakatar da tallafin da yake bai wa babbar manhajarsa ta Windows 10, wato ya daina aika mata gyare-gyaren tsaro kyauta kamar yadda aka saba. Matakin ya shafi ɗimbin masu amfani da kwamfuta a Najeriya, inda yawancin na'urorin da ke hannun ɗalibai da malamai da masu shagunan buga takardu kwance ne da aka shigo da su daga ƙetare, aka saya a kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas, ko Banex da ke Abuja, ko Farm Centre da ke Kano.

Windows 11, wadda ta gaji Windows 10, tana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da dama ba su cika ba. Tana buƙatar ma'adanar wucin-gadi ta RAM mai aƙalla gigabait 4, da wurin ajiya gigabait 64, da na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0. Mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba sa cikin jerin waɗanda kamfanin ya amince da su. Akwai shirin ƙarin wa'adi na shekara guda ga ɗaiɗaikun mutane, amma shi ma ƙarshensa Oktoban 2026.

Ci gaba da shiga intanet da manhajar da aka daina kula da ita kamar kwana ne a ɗakin da ƙofarsa ba ta kulluwa. A watan Mayun 2017, mugun shirin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da na asibitocin Birtaniya, ta hanyar wata ɓaraka da ke cikin Windows ɗin da ba a sabunta ba. Ga wanda ke shiga asusun bankinsa ko cike takardun makaranta da kwamfutarsa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Sai dai ba lallai ne a jefar da na'urar ko a ci bashin sayen sabuwa ba. Akwai manhajoji na kyauta da aka gina domin kwamfutoci masu ƙaramin ƙarfi, kuma galibinsu 'yan gidan Linux ne, tsarin da Linus Torvalds ɗan ƙasar Finland ya fara a 1991.

Sanin ƙarfin na'ura

Babbar manhaja ita ce ke haɗa ƙarafan kwamfuta da sauran manhajojin da ake aiki da su. Duk lokacin da aka kunna na'ura, takan mamaye wani kaso na RAM kafin a buɗe komai. Idan kason ya yi yawa, ragowar ba ta isar aiki, sai kwamfutar ta koma aron wuri daga faifan ajiya, wanda ya fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba. Wannan ne tushen nauyin da ake gani.

Don haka abu uku ake fara dubawa: yawan RAM, da nau'in masarrafar ko 64-bit ce ko 32-bit, da kuma irin faifan ajiyar. Duka ukun ana iya ganin su a cikin Windows.

Kowace da daidai ita

Kwamfuta mai gigabait 4 na RAM ko fiye za ta yi kyau da Linux Mint, musamman samfurin Xfce. Fuskarta ta yi kama da ta Windows, da maɓallin jerin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, saboda haka sabon shiga ba ya shan wahala. Masu ita sun ce gigabait 2 ne mafi ƙarancin abin da take buƙata, amma 4 ya fi daɗin aiki.

Mai gigabait 2 ta fi dacewa da Lubuntu. Wannan reshe ne na Ubuntu, manhajar da kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fitar a 2004. An rage mata ƙyale-ƙyale domin ta bar wa aiki fili. Zai fi kyau a ɗauki samfurin da ke ɗauke da alamar LTS, domin shi ne ake daɗe ana aika wa gyare-gyare.

Idan RAM ɗin gigabait 1 ne ko ƙasa da haka, sai a nufi antiX ko Puppy Linux. Ita Puppy, wadda Barry Kauler ya ƙirƙira a Ostireliya a 2003, ƙanƙantarta ta kai ta loda kanta gaba ɗaya cikin RAM ta yi aiki daga can. Sai dai fuskokin waɗannan biyu ba su yi kama da abin da aka saba ba, suna buƙatar haƙurin koyo.

Masu na'urar 32-bit zaɓinsu ya ragu ƙwarai. Ubuntu da rassanta sun daina fitar da irin wannan samfuri, Linux Mint ma ta daina a babban samfurinta tun 2020. antiX na cikin 'yan kaɗan da suka ci gaba da kula da su.

Akwai kuma ChromeOS Flex da Google ya fitar a 2022. Tana da sauri da sauƙin amfani, amma tana son gigabait 4 da masarrafar 64-bit, kuma kusan duk aikinta ya dogara da intanet. A wurin da sabis ke yankewa ko data ke tsada, wannan abin a yi la'akari da shi ne.

Aikin da za a yi shi ne alƙali

Sauƙin nauyi kaɗai bai isa ya zama ma'auni ba. Ga rubutu da lissafi, akwai LibreOffice da ke buɗe takardun Word da Excel, duk da cewa wani lokaci tsarin shafi kan ɗan goce. Firefox da Chrome duk suna aiki a Linux, kuma akwai tsarin madannai na Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ.

Amma CorelDRAW da Photoshop, waɗanda masu zanen katin biki da fastoci suka dogara da su, ba su da samfurin Linux. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, sai dai koyon su na cin lokaci. Mai shagon da abincinsa ke rataye da irin waɗannan manhajoji zai iya barin tsohuwar Windows a kan na'urar zane, ya raba ta da intanet. Haka nan ɗalibin da ke atisayen jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta zalla tun 2015, ya tabbatar manhajar atisayensa za ta buɗe kafin ya sauya.

Ya kamata a san cewa shafukan intanet na yau suna da nauyi a kan kowace manhaja. Na'ura mai gigabait 1 za ta yi rubutu lafiya lau, amma za ta riƙa shan wahala a YouTube ko Facebook.

Gwaji kafin gogewa

Ana sauke manhajar daga shafinta na asali kawai, sannan a ɗora ta kan filashi mai gigabait 8 ta amfani da Rufus ko balenaEtcher. Yawancin waɗannan manhajoji suna tashi kai tsaye daga filashin ba tare da taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. A wannan gwaji ne ake duba Wi-Fi da sauti da kyamara da firinta, domin a nan aka fi samun cikas.

Kafin girkawa, wajibi ne a kwashe takardu da hotuna zuwa wata ma'adana, domin girkawar na iya share faifan baki ɗaya. A kuma tabbatar batir ya cika ko akwai tsayayyiyar wuta, kada aikin ya yanke a tsakiya.

Wanda ke da ɗan hali zai iya sauya tsohon faifai mai juyawa da na SSD, ko ya ƙara RAM idan na'urar na da gurbi. Sau da yawa wannan sauyi, haɗe da manhaja mara nauyi, kan ƙara wa kwamfutar da ta shekara goma wasu shekarun na aiki, a kan kuɗin da bai kai na sayen wata ba. Hakan kuma na rage tarin sharar lantarki da ake ƙonawa a bayan kasuwanni, wadda hayaƙinta ke ɗauke da sinadarai masu cutarwa irin su dalma.