Ƙwannafi da Ɓacin Ciki ga Mai Juna Biyu

Da wuya a tashi daga awo ba a samu matan da suka kawo kukan zafin ƙirji, ko yawan gyatsa, ko kumburin ciki, ko wani ruwa mai ɗaci da ke tasowa zuwa maƙogwaro ba. Wasu kan ce olsa ce ta tashi, wasu kuma su ɗora wa laulayi. Mafi yawa dai ƙwannafi ne, kuma ya fi tsananta a watanni 3 na ƙarshen ciki. Ba ya taɓa lafiyar jariri, amma yana hana uwa barci, yana kuma rage mata cin abinci a lokacin da jikinta ya fi buƙata.

Me ke kawo shi?

A inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai kama da zobe. Aikinta ta buɗe abinci ya wuce, sannan ta tsuke kamar bakin jaka, don kada ruwan asid da ke narkar da abinci ya koma sama. Idan mace ta samu ciki, jikinta yana ƙara samar da sinadarin firojestaron, wanda ke sassauta mahaifa domin cikin ya zauna. To, ba mahaifa kaɗai yake sassautawa ba, har da wannan tsoka da kuma hanji. Shi ya sa abinci ke daɗewa bai narke ba, bayan gida ya yi tauri, asid kuma ya samu hanyar hawa. Da ciki ya tsufa, mahaifa ta danno tumbi daga ƙasa, sai abin ya ƙaru. Yawancin mata na rabuwa da shi bayan sun haihu.

Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo ita ma takan ɓata ciki, ta kuma mayar da bayan gida baƙi. Wannan ba dalilin daina shan ta ba ne, domin ƙarancin jini ya fi ɓacin ciki haɗari ranar haihuwa. Ki sha ta bayan kin ci abinci, ban da tare da shayi. In har yanzu tana damun ki, ki faɗa wa ma'aikaciyar awo a duba yadda za a sauya miki.

Ita kuwa olsa ta gaskiya, wato gyambon ciki, yawanci wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori ke kawo ta, ko kuma yawan shan magungunan ciwon jiki. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano alaƙar ƙwayar da gyambon ciki a farkon shekarun 1980, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Gwaji ne ke tabbatar da ita, kuma galibi akan jinkirta maganin kashe ta sai bayan haihuwa.

Abin da za ki iya yi a gida

Maimakon ki cika ciki sau 3, ki raba abincinki kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini. Ki rage soye-soye irin su ƙosai da awara, da miya mai yawan mai da attaruhu, da goro, da lemon kwalba. Ba kowace mace abu ɗaya ke tayar mata ba, don haka ki lura da naki. Babbar matsalar ita ce abincin dare: a ci tuwo da nauyi, a wanke hannu, a kwanta. Ki bar tazarar kamar awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya. A nan maigida da sauran mutanen gida na da rawar takawa, domin idan ba a sauke tukunya da wuri ba, ba yadda za ta yi.

Ki riƙa kwanciya a gefen hagu. A ɗaga kan gadon da bulo ko katako kamar santimita 15, ko a sa wani abu ƙarƙashin katifa ta wajen kai. Wannan ya fi tara filo, wanda ke lanƙwasa ki ya ƙara matse cikin. Ki sassauta ɗaurin zani, ki yawaita shan ruwa da cin ganye irin su zogale da alayyafo saboda taurin bayan gida.

Hattara da kanwa da maganin kemis

Mata da yawa kan jiƙa kanwa su sha, kuma lallai tana kashe zafin na ɗan lokaci. Sai dai cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya aiki. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mai juna biyu ta nisance ta.

Haka nan ibuprofen da diclofenac da piroxicam, da garin maganin ciwon jiki mai asfirin a ciki, duk suna ƙara ƙona tumbi, kuma suna iya cutar da jariri. Wannan bai shafi ƙaramar asfirin da likita kan rubuta wa wasu mata don kariya daga hawan jini ba. Misoprostol, da ake amfani da shi wajen gyambon ciki, yana zubar da ciki. Ranitidine kuwa an janye shi daga kasuwa a Amurka da ƙasashen Turai a 2020, kada ki sha ragowar da ke ajiye a gida. Akwai magungunan da suka dace da mai ciki, kamar farin ruwan magani mai kashe asid, ko omeprazole idan abin ya ƙi, amma likita ne zai zaɓa. Idan an ba ki farin ruwan, ki bar awa 2 tsakaninsa da ƙwayar ƙarin jini, domin yana hana ta shiga jiki.

Lokacin da ba ƙwannafi ba ne

Wannan shi ne abin da muka fi so iyali su riƙe. Bayan ciki ya wuce mako 20, ciwo mai tsanani a ƙahon zuci ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, musamman idan ya zo da ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko amai, yana iya zama alamar hawan jinin masu ciki da ya taɓa hanta. Shi ne ke kaiwa ga jijjiga, kuma yana iya hallaka uwa da ɗa. Sau da yawa akan ɓata lokaci a gida ana ba ta maganin olsa. Kada a jira ranar awo, kada a jira gari ya waye, a kawo ta asibiti a auna jininta da fitsarinta nan take.

Haka kuma a gaggauta kawo ta idan tana aman jini, ko bayan gidanta ya yi baƙi mai danƙo da wari kamar kwalta, ko abinci yana maƙale mata, ko amai ya hana ko ruwa zama a cikinta. Sashen gaggawa na masu haihuwa a buɗe yake dare da rana, a zo da katin awo idan yana kusa.